Sama da wata guda babu ganin ƙasa: rayuwa cikin jirgin da ke auna tekun da ke aiko mana damina

Duk shekara, yawanci tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafi ya fara gasa Garwa, makiyayan Adamawa kuma suna ɗaga kai ko za su hango hadarin farko, wani jirgin ruwan bincike na Faransa mai suna Thalassa kan bar tashar Mindelo da ke tsibiran Cap-Vert, ya nufi kudu maso gabas wajen Mashigin Tekun Gini. Tsawonsa kusan mita 74 ne. Mutanen cikinsa ba sa wuce hamsin, kusan rabi masu bincike, sauran ma'aikatan jirgi, kuma sukan yi mako biyar ko shida ba su taka ƙasa ba.

Mutumin Ngawundere na iya cewa ina ruwansa. Daga tasharmu ta jirgin ƙasa zuwa Duwala kusan kilomita 900 ne, da yawanmu kuma a talabijin kaɗai muka taɓa ganin teku. Amma abin da mutanen jirgin nan ke aunawa shi ne tukunyar da ake dafa daminarmu a ciki.

Abin da ya haɗa mu da teku

A bazara rana na gasa Sahara da ƙasashen Sahel. Iskar da ke samansu ta yi zafi ta tashi sama, sai iska mai laima daga Tekun Atlantika ta kwararo arewa don cike gurbin. A daidai wannan lokaci, daga Mayu zuwa Yuni, ruwa mai sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku kusa da Ikweta, layin da ya raba duniya kudu da arewa, ya shimfiɗu a sama kamar harshe. Faransawa ma “langue d'eau froide” suke ce masa, wato harshen ruwan sanyi. Zafin saman teku a wurin kan sauko daga digiri 28 ko 29 zuwa wajen 23 ko 24 cikin wata biyu zuwa uku. Gwargwadon bambancin da ke tsakanin sanyin teku da zafin hamada, gwargwadon ƙarfin da iskar damina ke samu ta kutsa cikin ƙasa. Wajen ƙarshen Yuni babban layin hadari kan bar gaɓar teku ya koma arewa, kusan daidai layin Garwa da Marwa.

Idan tekun ya ƙi hucewa, ruwan sama kan daɗe a gaɓa, arewa ta yi ta jira. A 1984 Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, shekarar kuma na cikin mafi munin fari da Sahel ta gani a ƙarnin da ya wuce. Tekun Pasifik da na Indiya da Bahar Rum su ma suna da hannu a daminarmu, amma wannan shi ne na ƙofar gida. Ruwan da ya aiko kuma yana koma masa: Binuwai na tasowa daga tudun Adamawa, ta bi ta Lagdo da Garwa da Yola da Makurɗi, ta haɗu da Kwara a Lakwaja, su faɗa cikin mashigin tare.

Don sa wa wannan teku ido ne Brazil da Faransa da Amurka suka kafa wani shiri a 1997 mai suna PIRATA. Sun dasa tashoshin awo kusan goma sha takwas a tsakiyar Atlantika, kowace tana bisa wani abu mai yawo a kan ruwa da Faransawa ke kira “bouée”. Mu kira shi goran awo, tunda aikinsa ɗaya da goran da masunci ke hawa a kogi, sai dai wannan faɗinsa ya haura mita biyu kuma an ɗaure shi da ƙasan teku. A samansa akwai na'urorin auna iska da ruwan sama da hasken rana da laima. A jikin igiyarsa akwai masu auna zafin ruwa har zurfin mita 500. Kullum yana aika abin da ya auna ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyoyin hasashen yanayi na duniya, har da waɗanda ACMAD da AGRHYMET na Yamai ke dogara da su wajen fitar da hasashen damina a wajen ƙarshen Afrilu.

Batir na ƙarewa, gishiri na cin ƙarfe, don haka dole a je a sauya kowane gora sau ɗaya a shekara. Na gabashin teku suna hannun cibiyar bincike ta Faransa IRD, kuma tun 2015 Thalassa ne aka fi yin aikin da shi.

Agogon jirgi

Abu na farko da sabon shiga ke rasawa shi ne bambancin dare da rana. Kwana ɗaya na irin wannan jirgi na cin miliyoyin sefa, saboda haka ba a kashe injin bincike don mutane su yi barci. Ana raba masu bincike rukuni uku, kowane ya yi awa huɗu yana aiki, ya huta awa takwas, ya sake komawa. Wannan shi ake kira “quart”.

Rukunin ƙarfe 8 zuwa 12 su ne masu sa'a, domin rayuwarsu ta fi kama da ta ƙasa: aikin safe, aikin dare, barci bayan sha biyu. Na ƙarfe 4 zuwa 8 suna tashi cikin duhu, amma fitowar rana da faɗuwarta duk a kan idonsu ake yi, kuma ga Musulmi asuba da magariba na faɗowa cikin aikinsa, sai ya nemi abokin aiki ya riƙe masa minti goma. Na sha biyu zuwa 4 su ne abin tausayi. Suna kwanciya lokacin da mai gasa burodi ke shirin tashi, karin kumallo ya wuce su, barcinsu kuma kashi biyu ne da ba ya taɓa haɗuwa ya zama ɗaya. Babu Asabar, babu Lahadi. Bayan kwana goma mutum sai ya duba takardar da aka liƙa a bango kafin ya san ranar da ake ciki.

Agogo ma uku ne. Duk abin da aka auna ana rubuta shi da lokacin duniya na UTC, don kada lissafi ya rikice. Abinci da aiki na bin agogon jirgi, wanda kwamanda kan matsar gaba ko baya idan an yi nisa gabas ko yamma. Na uku shi ne na gida, wanda ke cikin kai: Kamaru na gaban UTC da awa ɗaya, Mindelo na bayansa da awa ɗaya, mutum ya yi ta lissafin ko yara sun taso daga makaranta.

Mafi yawan aikin “quart” a kan wata na'ura ake yin sa mai suna “rosette”. Keji ne na ƙarfe da ya kusa tsayin mutum, an jera masa kwalabe dogaye har 24 a kewaye, a ƙarƙashinsu ga na'urar da ke auna zafi da gishiri da zurfi. Jirgi ya tsaya, a zura ta cikin ruwa da igiyar ƙarfe, tana sauka kusan mita ɗaya a daƙiƙa. Mutum ɗaya na zaune gaban kwamfuta yana kallon layin zafi na lanƙwasa, yana magana da mai injin igiya ta rediyo. Idan ta juyo sama sai a riƙa rufe kwalabe ɗaya bayan ɗaya a zurfi dabam-dabam. Zuwa mita 2,000 da dawowa kan ci kusan awa biyu, zuwa mita 4,000 wajen awa uku.

Da ta hau doron jirgi sai kowa ya kewaye ta da ƙananan kwalabe. Akwai tsari: mai ɗibar ruwan da za a auna iskar oksijin shi ke farawa, domin da an buɗe kwalba iskar waje ta fara shiga. Sauran su biyo baya. Ruwan ƙasan teku bai wuce digiri biyu zuwa huɗu ba, ko da a Ikweta ne, don haka sai ka ga mutum gumi na zuba a goshinsa, yatsunsa kuma sun ƙage da sanyi. Lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a jikin kwalba ta isa ta ɓata awa uku na aikin jirgi gaba ɗaya, kuma irin wannan kuskure da ƙarfe uku na dare ya fi son zuwa.

Tsakanin tasha da tasha kuwa tafiya ce kawai. Jirgin na yin kusan kilomita 20 a awa, gudun da ɗan acaɓa zai raina. Wani lokaci a jefa na'urar Argo, wadda ke nutsewa da kanta zuwa mita 2,000 ta taso duk kwana goma ta aika rahoto. Irinta kusan 4,000 ne ke yawo a tekunan duniya. Wani lokaci babu abin yi sai jira.

Ranar gora

Ranar da aka isa goran awo, tsarin “quart” kan ɗan rushe, kowa ya fito. Akan so a isa da sassafe. A saukar da ƙaramin kwalekwalen roba, mutum biyu ko uku su je su hau goran yana rawa da su, su kwance na'urorin sama masu saurin karyewa. Daga jirgi sai a aika wani sauti cikin ruwa zuwa makullin da ke can ƙasa kusa da anga, makullin ya saki. Anga ta zauna a wurinta har abada. Mutanen Ngawundere za su so jin wannan: angar irin waɗannan goruna tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne ake haɗawa, nauyinsu wajen tan biyu.

Daga nan sai naɗe igiya, kilomita huɗu ko biyar, ana tsayawa ana cire na'urori ɗaya-ɗaya. Goran kan fito jikinsa cunkushe da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, da ragowar koma da ƙugiyoyin masunta. Kankare shi aikin kowa ne, farfesa da ɗalibi, kuma warin kan kwana biyu a jikin tufafi. Sannan a dasa sabo: gora ya fara shiga ruwa, jirgi na tafiya a hankali ana sakin igiya, anga ce ta ƙarshe. Idan aka sake ta sai a ga goran na gudu a kan ruwa yana bin ta, har ta kai ƙasa. Ba a barin wurin sai an tabbatar sabon ya fara magana da tauraron ɗan'adam. Yini guda ke nan cur, da hular kwano da takalmin ƙarfe, ƙarƙashin ranar Ikweta.

Masu shirin sun raɗa wa gorunan farko sunayen kiɗa da rawa: Java, Jazz, Valse, Gavotte, Samba, Reggae. Wanda ake kira Soul ya yi shekaru a daidai inda Ikweta ya gitta layin Greenwich, sifili da sifili a taswira, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana.

Duk abin da ke yawo a tsakiyar teku kifi na taruwa a ƙarƙashinsa. Wannan alheri ne ga ɗakin girki, domin ma'aikata kan jefa fatsa su ciro tuna, a yanki tsoka kaɗan don masu binciken sinadarin makuri, sauran ya tafi tukunya. Amma shi ne kuma babbar matsalar shirin. Jiragen kamun kifi sun san inda gorunan suke. Wasu kan ɗaure jirginsu a jiki, wasu su ja goran gefe don su zagaye kifin da koma, igiya ta tsinke ko na'ura ta karye. Goran da ya mutu a watan Mayu sai wata shekara za a je masa, ya zama an yi damina guda babu ido a wannan wurin.

Akwai wani baƙo da ɗan arewa zai gane nan take. A watannin hunturu ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, wadda ke rufe Marwa da Garwa har jirgin sama ya kasa sauka, tana wucewa ɗaruruwan kilomita cikin teku. Takan kwanta ja-ja a kan ƙarafan jirgi, ta dushe gilashin na'urar auna hasken rana a gorunan arewa har sai an gyara lissafinsu. Charles Darwin ya tattara irin wannan ƙura a jirgin Beagle kusa da Cap-Vert a 1832.

Ɗaki, ciki da ruwan wanka

Wanda ya taɓa kwana a kushet na jirgin dare daga Ngawundere zuwa Yawunde ya san rabin labarin ɗakin kwana: gado mai hawa biyu, ɗan kabad, ɗan tebur, komai a ƙuntace. Yawanci mutum biyu ne a ɗaki, maza da maza, mata da mata, domin akwai mata da yawa cikin masu bincike, har cikin hafsoshin jirgi. Akan yi ƙoƙari a haɗa waɗanda lokacin aikinsu ya bambanta, don kowa ya sami awannin da ɗakin nasa ne shi kaɗai. Ƙarar inji ba ta tsayawa dare da rana, har mutum ya saba, ranar da ta canja murya sai ya farka.

Kwana biyu ko ukun farko na jiri ne. Kunnen ciki na gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, ido na cewa bango a tsaye yake, saɓanin nan shi ke tayar da zuciya. Wanda hawan Falez a mota ke sa shi amai ya shirya. Ba jarumta a ciki, tsofaffin matuƙa ma yana kama su. Abin da ke taimako sananne ne: a fita a kalli inda sama ta haɗu da ruwa, kada a bar ciki wayam, a guji ƙurawa waya ido, a sha magani tun kafin abin ya fara. Kofi, kwamfuta, kujera, duk ɗaure su ake yi.

Tun kafin a tashi ko jim kaɗan bayan haka ana atisayen gaggawa. Kowa ya san ƙarar ƙararrawa, ya san kwalekwalen ceton da zai shiga, ya gwada rigar robar nan mai rufe mutum daga kai har ƙafa. Kafin a yarda mutum ya hau kuma sai likita ya duba shi, kuma mai hankali kan biya wajen likitan haƙori, domin daga wasu tashoshin asibiti mafi kusa tafiyar kwanaki ce. Jiragen Faransa na da wata cibiya a asibitin Toulouse da suke kira kowane lokaci don shawarar likita.

Abinci shi ne babban agogon jama'a. Ana zama biyu a kowane cin abinci don wanda ke bakin aiki ya samu, wanda barci ya ɗauke kuma a ajiye masa faranti. Burodi a cikin jirgi ake gasa shi. Makon farko akwai latas da tumatir da ayaba. Zuwa mako na uku sai kabeji da karas da tuffa, bayan nan gwangwani da abin firji. Ranar Lahadi akan ɗan kyautata girki, da yawa ma da haka suke gane mako ya zagayo. Mai dafa abinci ya fi kowa iko da fuskokin mutane. Kwamanda kansa ya san haka.

Teburin Faransawa ne, akwai naman alade, akwai giya. Ana tambayar kowa tun kafin tafiya abin da ba ya ci, kuma a faɗa tun a lokacin, domin ba kasuwa a gaba. Mai kiyaye yankan nama zai dogara da kifi da ƙwai da wake, kifi kuwa ba ya yankewa. Ƙullin yaji da ganyen shayi ba sa cin wuri a jaka, kuma a mako na huɗu darajarsu ta wuce kuɗi. Kilishin Ngawundere zai jure tafiyar, sai dai a fara bincika dokar kwastan ta ƙasashen da za a ratsa, don ba ko'ina ake barin nama ya shiga ba.

Ruwan sha da na wanka daga teku ake tace shi, injin jirgi ne ke raba shi da gishiri. Yana isa, amma ba na ɓarna ba ne. Shara ana rarraba ta, leda da roba kuma ba a jefa ko ɗaya cikin ruwa, dokar duniya ce.

Alƙibla mai juyawa

Daga Mashigin Gini alƙibla na gabas maso arewa. Matsalar ita ce ɗakin da kake ciki yana juyawa. Kamfas na waya ba abin dogaro ba ne cikin gidan ƙarfe, amma allunan ɗakin bincike na nuna inda hancin jirgi ya dosa a kowane lokaci, da wannan ake lissafi. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin sallah a jirgin ruwa: a fuskanci alƙibla, a juya idan jirgi ya juya in da hali, a tsaya idan za a iya, a zauna idan igiyar ruwa ta hana. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne sa'ad da jirgi ya tsaya aikin “rosette”, don yakan fuskanci iska ya daɗe a haka. Juma'a babu, sai azahar.

A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, a 2025 kuma cikin Maris, daidai lokacin wannan tafiya. Matafiyi na da sauƙin da addini ya ba shi. Wanda ya zaɓi ya yi kuma, kusa da Ikweta yini bai cika wuce awa sha biyu da ƴan mintoci ba duk shekara, cikin jirgi da sanyin na'ura. Ranar gora ce mai wuya.

Awannin da ba na aiki ba

Awa goma sha shida na hutu a kowace rana kamar da yawa ne, har sai an cire barci da abinci da wanki da rubuta sakamakon awo. Abin da ya rage shi ke nuna ko tafiya za ta yi daɗi ko za ta zama kurkuku, shi ya sa shugabannin tafiya masu gogewa ba sa ɗaukar hutu abin wasa.

Akwai ɗan ɗakin motsa jiki, da ɗakin zama mai littattafai da fina-finai. Ana karta, ana ƙwallon tebur, wanda a jirgi mai tangaɗi wani wasa ne dabam. Da yake yawancin ma'aikatan mutanen Bretagne ne, sukan fito da wasansu na jefa ƴan faya-fayan ƙarfe a kan allon katako, a shirya gasa ta mako-mako, a haɗa injiniya da ɗaliba, mai girki da farfesa. Wanda ya iya dara ya tafi da ita, zai sami almajirai. Da yamma wani lokaci mutum ɗaya ya yi wa sauran bayanin bincikensa cikin rabin awa, wani lokaci babban injiniya ya zagaya da mutane ɗakin inji.

Akwai al'adar kofi. Kowa ya sami kofin soso irin na shan shayi, ya yi masa zane ko ya rubuta sunan ɗansa, a zuba su cikin raga a ɗaure a jikin “rosette” ranar da za ta je ƙasa sosai. A zurfin mita 4,000 nauyin ruwa ya ninka na iskar da muke ciki sau 400. Kofin kan dawo bai fi kan babban yatsa ba, rubutun na nan ƙanana. Tsarabar da ta fi kowace daraja ke nan a wurin yara.

Ranar da aka tsallaka Ikweta kuma akwai wasan da matuƙan Turai suka gada, “baptême de la ligne”. Wani ya yi shigar Neptune, sarkin teku na tatsuniyar Rumawa, a yi wa sababbi shari'ar wasa, a jiƙa su da ruwa, a ba su takardar shaida. Ba dole ba ne, wanda bai ga dacewarsa ba ya faɗa da ladabi ya koma ɗan kallo.

Sauran hutun na teku ne da kansa. Kifi mai fiffike na tashi gaban jirgi garke-garke, wasu su faɗo doro da dare a tsince su da safe. Dabbar dolfin kan zo ta yi tsere da hancin jirgi. A daren da babu wata, ruwan da jirgi ya keta kan yi walƙiya shuɗi-shuɗi saboda wasu ƙananan halittu masu haske. Tauraron arewa, wanda a Garwa ake gani ɗan sama da doron ƙasa, yana sauka kullum ana yin kudu, har ya nutse a Ikweta.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum hamsin cikin gida mai tsawon mita 74, ba inda za ka je ka huce. Abin da ke haɗa faɗa ƙanana ne: wanda ya buga ƙofa alhali wani na barci da azahar, wanda ya makara minti biyar wajen karɓar aiki, wanda ya bar kayansa cikin injin wanki. Don haka dokokin da ba a rubuta ba sun fi na rubuce ƙarfi. A zo karɓar aiki kafin lokaci, a yi magana ƙasa-ƙasa a lungun ɗakuna, a gai da kowa ko an gan shi sau goma. Wajen mako na uku zuwa na huɗu gajiya kan taru, hira ta ragu a tebur, sai an fara ƙidayar kwanakin komawa fuska ke sakewa.

Mafi nauyi shi ne gida. Intanet ta tauraron ɗan'adam ta inganta a ƴan shekarun nan, amma rabawa ake yi, aikin bincike ne kuma a gaba. Saƙon rubutu na wucewa, kiran bidiyo sai an yi sa'a. Ga mutumin da ya tashi inda ba a fashin suna da jana'iza da gaisuwar mara lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka yi rasuwa, labari zai iso cikin minti ɗaya, amma jirgi ba zai juya ba. Duk mai shirin irin wannan tafiya ya zauna da iyayensa da iyalinsa a kan wannan tun kafin ya sa hannu.

Wa ke samun shiga

A shekarun baya tafiyar kan tashi daga Dakar ko Abidjan ko Kwatano, abin da ya sauƙaƙa wa ɗalibai da masu bincike na yankin shiga. Fashin teku ya taimaka wajen sauya wannan. A 2020 kaɗai, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Mashigin Gini aka ɗauke su, bisa ƙidayar hukumar IMB, duk da yarjejeniyar tsaron teku da shugabannin yankin suka sa wa hannu a Yawunde a watan Yunin 2013. Jirgin bincike kuwa, mai tafiyar hawainiya da tsayuwar awanni wuri ɗaya, abin farauta ne mai sauƙi. Abin dariyar shi ne, a harshen Fotugis na mutanen Brazil, “pirata” na nufin ɗan fashin teku. Satar ta ragu sosai daga baya, amma tashi daga Mindelo na nufin sai an sami mai biyan tikitin jirgin sama kafin ɗalibin Kamaru ko Benin ya hau.

Ƙofa dai ba a rufe take ba. Tun 2008 Jami'ar Abomey-Calavi a Benin, tare da IRD da jami'ar Toulouse, ke koyar da digiri na biyu a kimiyyar motsin teku, kuma ɗalibai daga ƙasashen yankin, har da Kamaru, sun bi ta nan sun hau waɗannan jirage. Abin da ake nema lissafi ne da fizik da iya kwamfuta, waɗanda ake koyarwa a Dang da Marwa. Ba a tambayar ko a bakin teku aka haife ka. Mai sha'awar ɓangaren kifi kuma akwai makarantar Yabassi ta Jami'ar Duwala, da jirgin Dr Fridtjof Nansen na ƙasar Norway, wanda ke aiki da hukumar FAO tun 1975, yana ƙidayar kifin gaɓar Afirka tare da masu binciken ƙasashen da ya ziyarta. Na yanzu shi ne na uku mai wannan suna, ya fara aiki a 2017. A can aikin ya fi ƙarni: a jawo koma, a zube kifi a tebur, a ware shi iri-iri, a auna tsawo da nauyi. Alƙaluman gorunan PIRATA kuwa a buɗe suke a intanet kyauta, ɗalibi a Ngawundere na iya sauke su yau ya rubuta kundinsa a kan alaƙarsu da ruwan Adamawa.

Kwana biyun ƙarshe na tafiya na wanke-wanke ne da ɗaure akwatuna da rubuta rahoto. Idan aka sauka a Mindelo, ƙasa kan yi ta rawa ƙarƙashin ƙafa yini ɗaya ko biyu, wasu ma sai sun dafa bango a wurin wanka. Masu bincike su hau jirgin sama. Kwalaben ruwa da tsokar kifi da na'urorin da aka ciro daga tsofaffin goruna su ci gaba da zama cikin jirgin, sai ya isa Brest bayan fiye da mako guda kafin a fara buɗe su.